Shingen Da Ido Ba Ya Gani

A shekarar 1973 wani mai yawon talla a jihar Fensilbaniya ta Amurka, Richard Peck, ya fito da dabarar tsare kare a gida ba tare da an gina katanga ba. Abin da ya tunzura shi kuwa shi ne yawan karnukan da yake gani motoci sun banke a kan titi. Yadda abin yake, ana binne waya ce a ƙasa ta kewaye gida, sannan a ɗaura wa kare wani abin wuya mai batir. Idan ya doshi iyaka sai abin ya yi ƙara, idan ya ƙi ja da baya sai lantarki ya ja shi a wuya. Akan kafa 'yan tutoci a kan layin na ɗan lokaci, har ya gane inda azaba take. Daga nan sai a cire su, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi.

Tambayarmu ita ce, shin ya dace mu tsare dabba da tsoro alhali muna iya tsare ta da katanga?

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Sukan ce jan lantarki na ƙiftawar ido ya fi mutuwa a ƙarƙashin taya, ya kuma fi zaman ɗaure da sarƙa. Bugu da ƙari, a wasu unguwannin Amurka ƙa'ida ta hana gina katanga a gaban gida. Hukumomi ma ba su yi baki ɗaya ba. Yankin Weils ya haramta irin wannan abin wuya a 2010, amma da gwamnatin Ingila ta bayyana niyyar hana na riƙewa a hannu a 2018, sai ta keɓe na shinge.

To, amma mai karatu ya lura da wani abu. Katanga aiki biyu take yi: ta hana na ciki fita, ta hana na waje shiga. Wayar ƙasa guda ɗaya kawai take yi. Baƙon kare, ko ɓarawo, ko yaro mai tsokana, duk za su tsallaka ba abin da zai same su, tun da ba su da abin wuya. Hasali ma, idan karen ya hango zomo ya jure zafin ya keta iyaka, a kan hanyarsa ta dawowa lantarkin zai sake jansa. Ke nan an hukunta shi saboda ya nufo gida.

A nan ne muke ganin ma'aunin ya karkata. Mai gida ya sami fili mai kyan gani, ya kuma rage kashe kuɗi, amma kuɗin ginin da ya ƙi biya wuyan kare ne ya biya. Duk wanda ya hana wani mai rai 'yancin tafiya, ya ɗauki nauyin kare shi daga abin da ba zai iya guje wa ba. Inda ba wata hanya sai wannan, muna iya yi wa mai ita uzuri. Amma inda katanga za ta yiwu, uzurin ya ƙare, domin kare ba shi da bakin faɗin yadda zafin yake, sai mu da muka sayi batirin mu auna masa.