Wa Ke Goge Wa Kurtu Karatunsa?

Jama'a, duk lokacin da aka buɗe ɗaukar 'yan sanda, yaranmu na nan Sabo kan tare mu bayan sallar Asuba, a yi musu addu'a. Wanda Allah Ya ba sa'a ya tafi kwaleji, ko Ikeja ko Kaduna.

Can ba fareti da riƙon bindiga kaɗai ake koya wa kurtu ba. Ana karantar da shi Dokar 'Yan Sanda ta 2020: ba a kama mutum a madadin wani, kuma bashi ko saɓa alkawarin ciniki ba abin tsare mutum ba ne. Beli ma kyauta ne. Yaro ya fito da wannan a kansa.

To wa ke goge masa shi? Za mu ce manyansa. Haka ne, amma da saura. Mu 'yan kasuwa, in wani ya riƙe mana kuɗin goro ko na shanu, ba mu da haƙurin zaman gaban Sarki, balle kotu. Caji ofis muke nufa, mu cusa wa yaro wani abu a aljihu, mu ce in mai bashin ya ɓuya a ɗauko ƙaninsa. Kuɗin halaliyarmu ne, babu musu. Amma ƙanin me ya ci mana?

Mu ɗin nan da ke jan salla, Allah Ya yafe mana, mun taɓa yi. Yaron ya kwana uku a bayan kanta, sai da uwarsa ta sayar da keken ɗinkinta. Kurtun da ya ɗauko shi kuwa, a gabanmu ya yi saukar Alƙur'ani.