Mus'abu ɗan Umairu: Baƙon da Abokansa Suka Kasa Mantawa

Godiya ta tabbata ga Allah mai rayawa mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A zamaninsa babu saurayi a Makka da ya kai Mus'abu ɗan Umairu (RA) gata. Mahaifiyarsa, Khunasu, mai dukiya ce, tufafinsa da ƙamshin turarensa abin zance ne a gari. Da ya musulunta a gidan Arƙamu, danginsa suka tsare shi, aka yanke masa duk wannan jin daɗi, har ya yi hijira zuwa Habasha.

Bayan mubaya'ar Aƙaba ta farko, a shekarar 621, Annabi (SAW) ya aike shi Yasriba ya karantar da Alƙur'ani. Ya sauka a gidan As'adu ɗan Zurara, baƙo ba dangi ba dukiya. Usaidu ɗan Hudairu ya zo masa da mashi zai kore shi. Mus'abu ya roƙe shi ya zauna ya saurara, in bai yarda ba zai tashi ya bar wurin. Usaidu bai miƙe ba sai da ya musulunta, Sa'adu ɗan Mu'azu ya biyo baya, ƙabilarsu ta bi su. Da shekara ta zagayo, maza 73 da mata 2 suka yi mubaya'a a Aƙaba.

A Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, ya yi shahada yana riƙe da tuta. Khabbabu ɗan Aratti ya ba da labari cewa ba a samu abin yi masa likkafani ba sai mayafi guda: in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Annabi (SAW) ya yi umarni a rufe kansa, a sa ciyawar izkhiri a ƙafafunsa.

Shekaru suka shuɗe, duniya ta buɗe wa sahabbai. Wata rana aka kawo wa Abdurrahmani ɗan Aufu abinci yana azumi. Sai Mus'abu ya faɗo masa a rai. Ya shaida cewa Mus'abu ya fi shi, ya ambaci mayafin nan, ya ce yana tsoron kada ya zama an gaggauto musu ladansu tun a duniya. Ya yi ta kuka har ya bar abincin. Wannan kuwa mutum ne da aka yi wa bushara da Aljanna.

Ya ɗan'uwa murid, dubi yadda mazajen Allah ke tuna mamacinsu. Abdurrahmani bai tausaya wa Mus'abu don ya rasu nesa da gida ba. Kansa ya ji wa tsoro. Tunawar ta zame masa muhasaba.

Har yau akwai samarin da ke barin garuruwansu don karatu ko karantarwa, ajali ya riske su a baƙunci, iyaye ba su ga gawa ba. Zafin haka gaskiya ne, hawaye kuma rahama ne. Amma ƙasar da aka rufe bawa ba ta rage masa komai wurin Ubangijinsa. Haƙƙinsa a kan abokai shi ne addu'a, da sadaka, da kula da iyayensa, da ɗaukar karatun da ya bari. Sannan kowa ya tambayi zuciyarsa: shi ya tafi a kan hidima, wanda aka bari fa, a kan me?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka cika a baƙunci, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya kyautata ƙarshen kowa albarkacin Annabi (SAW). Amin.