Bayani a kan haƙurin mai doguwar cuta da haƙƙinsa a kan 'yan'uwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya ku 'yan'uwa, wani almajiri ya tambaye ni: mutumin da ciwon gwiwa ko na baya ya zauna masa shekara da shekaru, in ya yi nishi a gaban mutane, ko ya roƙi a kai shi ga mai magani, shin haƙurinsa ya ɓaci?

Jawabi: bai ɓaci ba. Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, kuma Allah ya yabe shi da haƙuri. Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, basir ya matsa masa, ya faɗa wa Manzon Allah, aka yi masa rangwame ya yi salla a zaune, in ya kasa, a kwance bisa gefensa. Da faɗin ciwo aibi ne, da ba a amsa masa da sauƙi ba. Abin da ke ɓata haƙuri shi ne fushi da hukuncin Allah, wannan kuwa aikin zuciya ne.

Amma mu masu lafiya na fi ji wa tsoro. In zazzaɓi ya kwantar da ɗan'uwa, zaure kan cika da masu dubiya. In ciwo ya haura wata 3, wanda shi likitoci ke kira daɗaɗɗen ciwo, sai ƙafa ta ɗauke, wani ya zauna gurbinsa a wazifa. Mukan ce Allah ya ba shi haƙuri, mu wuce. Wallahi da wannan kalma muke sauke nauyinmu mu ɗora masa. Alhali kaɗaici da rashin barci suna ƙara wa ciwo zafi, kuma su kan tura mutum ga ƙwayoyi irin su Tramadol, ya sha ba da umurnin likita ba, har su mallake shi.

To, ya wajaba ga muƙaddami ya san masu irin wannan lalura a zawiyarsa, mai sanyin ƙashi da mai amosanin jini, ya raba wa almajirai kwanaki. Wannan ya raka shi asibiti, wancan ya kama hannunsa su taka kaɗan bayan la'asar, domin yawan kwanciya na ƙara ciwon baya, motsi a hankali kuwa na sassauta gaɓɓai. A tara masu ciwon su zauna tare ko sau ɗaya a mako, kowa ya ji yadda ɗan'uwansa ke raba aikinsa kashi-kashi don kada ya kwanta gobe. Ranar Juma'a a kawo shi zikiri, a ajiye masa kujera a cikin da'ira, kada a bar shi bakin ƙofa wajen takalma.

Allah ne Mafi sani. Ya cika da godiyar Allah.