Haƙƙin Mai Sauraro A Kan Mai Jawabi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, maganar wannan mako a kan wata tambaya ce da ta shafi liman da mai wa'azi da malamin makaranta da ma'aikacin hukuma, watau duk wanda ke miƙewa gaban jama'a ya yi jawabi. Tambayar ita ce: idan mutum ya faɗi gaskiya tsantsa, amma jama'a suka watse ba su fahimci kome ba, shin ya sauke nauyin da ke kansa?

Domin a ga girman tambayar, sai a dubi gari kamar Tsaskiya, a ƙasar Safana, yamma da Dutsin-Ma cikin Jihar Katsina. Mutanen wannan yanki, har zuwa Batsari, yawancinsu manoma ne da makiyaya, kuma shekara da shekaru ke nan suna fama da ɓarayin daji da ke fitowa daga dajin Rugu. Mutumin da ya bar gonarsa ta gero tsakiyar damina, ya tako daga ƙauye bisa hanyar da ba kullum take da aminci ba, ya zo ya zauna domin ya ji magana, lalle ya biya farashi mai tsada tun kafin a buɗe baki. Ya ba da lokacinsa, ya kuma ba da kunnensa. Wannan amana ce ya danƙa wa mai jawabi.

To, a ce mutum biyu ne suka karɓi wannan amana. Na farko malami ne mai ilmi, amma bai zauna ya shirya ba, ya dogara ga kaifin harshensa. Ya faro daga zakka, ya faɗa cikin gado, ya ratsa ta siyasa, ya jero Larabcin da bai fassara ba, har rana ta take. Na biyu ma'aikaci ne da ya zo daga birni da kwamfuta da na'urar haska hoto, zai yi bayani a kan riga-kafi ko takin zamani. Ya cika bango da ƙananan rubutun Turanci da alƙaluma, ya juya wa jama'a ƙeya yana karanta musu layi bayan layi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma da za a tare manomin nan a hanyar gida a tambaye shi abin da aka ce, sai dai ya amsa da cewa an dai yi magana mai yawa.

Wasu za su ce ai babu laifi a kan waɗannan biyu, tun da shiriya ta Allah ce, manzanni ma abin da aka ɗora musu shi ne isarwa kawai. Gaskiya ne, amma Alƙur'ani a wurare da dama ya siffanta wannan isarwa da cewa bayyananniya ce, ya kuma nuna cewa kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi domin ya yi musu bayani. Annabi Musa, da aka umurce shi ya tafi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa domin a gane maganarsa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna sabo da ya fi shi fasahar harshe. Idan Annabi mai ɗauke da wahayi ya damu da ko za a fahimce shi, ina ga wanda ba Annabi ba?

Sunna ma ta zo da haka. An ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau 3 domin a fahimta. Uwar Muminai A'isha ta bayyana cewa yakan yi zance a natse, har da mai ƙirga zai so ƙirga kalmominsa da ya iya. Ammar ɗan Yasir ya ruwaito cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum ga addini. Abdullahi ɗan Mas'ud kuwa ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya mai da shi kullum sai ya ƙi, domin gudun kada ya gundure su. Duk waɗannan abu guda suke nunawa, watau ma'aunin jawabi yana wurin mai sauraro, abin da ya ɗauka ya tafi da shi gida shi ne jawabin.

Haka magabatan wannan ƙasa suka fahimci al'amarin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, ya fara wa'azi yana da kimanin shekara 20, ya zaga Kabi da Zamfara, yana yi wa talakawa magana da Fillanci da Hausa, alhali kuwa littattafansa da Larabci yake rubuta su. Ɗansa Muhammadu Bello ya ba da labari cikin Infaƙul Maisuri cewa kafin Shehu ya fito wurin jama'a yakan ɗan tsaya gefe shi kaɗai. Da ya tambaye shi dalili, sai ya sanar da shi cewa niyyarsa yake sabuntawa, yana kuma roƙon Allah Ya sa mahalarta su fahimci abin da zai faɗa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, jajis suna ɗauka suna kai wa matan ƙauyuka. Ilminsu bai ragu ba don sun sauƙaƙa shi, sai ma dai ya isa inda littafi bai isa ba.

Game da nuna hoto kuwa, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dattawa suna tune da motocin majigi na Gwamnatin Jihar Arewa da ke shiga ƙauyuka a shekarun 1950 da 1960, a kafa farin ƙyalle da dare, a nuna sha'anin tsabta da noma, kamar fim ɗin Baban Larai, mai bayani yana tsaye da lasifika yana warware wa jama'a da Hausa. Abin ya zauna a zukata domin ido ya ga abu, kunne ya ji ma'anarsa, gani kuwa ya kori ji. Wanda ke shirya alluna da PowerPoint a yau sai ya ɗauki darasi daga nan. Hoto guda na ganyen dawa da tsutsa ta ci ya fi wa manomi amfani bisa ga layi 20 na rubutu. Kowane allo ya ɗauki magana ɗaya, rubutun ya zama babba kuma da harshen masu kallo, mai jawabi ya fuskanci mutane. Ya kuma san abin da zai faɗa a kansa, domin ranar da wuta ta ɗauke ko janareta ya ƙi tashi, wanda iliminsa ke cikin na'ura kaɗai sai ya tsaya baki buɗe.

Sai dai akwai wani haɗari ta ɗaya ɓangaren, wanda ya fi na farko muni. Hadisi ya nuna cewa wani bayanin yana aiki kamar sihiri, ya kuma gargaɗi mai fasahar harshe da ke cin shari'a da iya magana alhali ba shi ne da gaskiya ba. A wurin da aka zub da jini, zukata suna tafasa, mai jawabin da ya iya motsa jama'a zai iya ɗora laifin 'yan ta'adda a kan ƙabila sukutum da kalma guda, ko ya yaɗa jita-jitar da ya tsinta a waya bai bincika ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Sabo da haka shiri na farko shi ne tantance gaskiyar abin da za a faɗa, da auna inda zai sauka, kafin a zo ga tsara shi.

Amsar tambayar ke nan. Wanda ya faɗi gaskiya ba tare da ya wahala wajen isar da ita ba, rabin nauyinsa ya sauke. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya gyara niyya, ya san su wa zai yi wa magana da abin da ke damunsu, ya zaɓi batu guda ya bincike shi, ya kawo misali daga gona da kasuwa da gida, ya maimaita muhimmin wuri, sa'an nan ya yi shiru tun mutane suna marmarin ƙari. Idan ya yi haka wani ya toshe kunnensa, to, laifi ya koma kan mai toshewa. Idan kuwa bai yi ba, sa'a guda da ya ɓata wa mutum 200 ta zama sa'a 200 daga rayuwar bayin Allah, kuma lokaci yana cikin abin da za a yi tambaya a kansa ranar hisabi.

Allah Ya ba masu jawabi gaskiya da hikima, Ya ba masu sauraro fahimta da aiki da abin da suka ji, Ya kuma dawo da zaman lafiya a Tsaskiya da Safana da Batsari da ƙasa baki ɗaya, amin.