Sunan Maryamu Amana Ce a Hannun Iyaye



Kwanakin baya, bayan na idar da Misa tare da 'yan Ikilisiyarmu ƙalilan da ke zaune tsakanin Bodinga da Shagari, sai wani magidanci ya ja ni gefe. Allah ya ba shi 'ya mace, ranar baftisma ta matso, maiɗakinsa kuwa ta nace a raɗa mata Maryamu. Ya ce mini, "Fada, duk inda ka waiwaya a garin nan Maryamu ce, ko Mairo, ko Mairamu. In na sa mata wannan suna, wa zai san 'yar Kirista ce?" Amsar da na ba shi nake so in faɗaɗa a nan, tun da yake ran 12 ga Satumba ne Ikilisiya take bikin Sunan Maryamu Mai Tsarki, bikin da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya maido cikin kalandarta a shekarar 2002.

Asalin sunan daga Ibraniyawa ne. Wadda muka fara gamuwa da ita da shi a Littafi Mai Tsarki ita ce 'yar'uwar Musa da Haruna, wadda Littafin Fitowa ya kira annabiya. Game da ma'anarsa, wasu malamai sun danganta shi da kalmar Masarawan dā mai nufin ƙaunatacciya. Wasu sun ga kalmomin Ibrananci biyu a cikinsa, wato ɗaci da teku. Waliyi Jerom, wanda ya rasu a shekarar 420, ya fassara shi da ɗigon teku, daga baya masu kwafar littattafai suka mai da shi tauraruwar teku. Ƙauna da ɗaci duka sun haɗu a kan Uwar Ubangijinmu: Allah ya zaɓe ta, ta kuma tsaya a gindin gicciye tana kallon mutuwar Ɗanta.

A zamanin Yesu babu sunan mace da ya kai wannan yawa a cikin Yahudawa. Bishara ta ambaci Maryamu Magadaliya, da Maryamu 'yar'uwar Marta da Li'azaru, da Maryamu uwar Yakubu. Ashe Allah bai nemi baƙon suna domin Uwar Ɗansa ba. Abin da ya fifita ta a kan takwarorinta shi ne alherin Allah da kuma amincewarta sa'ad da mala'ika Jibra'ilu ya zo mata.

Maƙwabtanmu Musulmi kuwa suna da dalilinsu na son sunan. Maryamu ce kaɗai macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, sura ta 19 kuma sunanta take ɗauke da shi. A shekarar 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta shaida cewa Musulmi suna girmama Budurwa Maryamu. A ƙasarmu ta Sakkwato ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Sifawa kusa da Bodinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya raɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa Maryam. Ta tashi malama, bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u a 1864 kuma ita ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, masu kai ilimi ga matan ƙauyuka. Saboda haka in an kira "Mairo" a bakin rijiya, 'yar Kirista da 'yar Musulmi suka amsa tare, kada ranmu ya ɓaci. A wurin da zaman tare yake bukatar lallami, wannan kyauta ce daga Allah.

Na ce wa magidancin nan halin 'yarsa ne zai nuna ko ta wane ne. Hausawa sun ce suna linzami ne, amma linzami sai da mai riƙe shi. A nan ne nake da magana da mu iyaye. Sau nawa muka ga Maryamu ɗauke da farantin talla da safe, alhali 'yan'uwanta maza sun tafi makaranta? Sau nawa aka cire ta daga aji don kuɗin ya gaza, aka aurar da ita tun ba ta gama koyon katekisim ba? Wanda ya raɗa wa 'yarsa sunan Uwar Allah ya ci bashi. Biyansa shi ne a kai ta makaranta har ta gama, a koya mata addu'a da Rosari a gida, a kuma saurari bakinta ranar da maganar aure ta taso, gama Allah da kansa ya jira amsar Maryamu. Ina roƙon Zumuntar Mata Katolika da katekis na kowace majami'a su bincika gida gida, su sanar da mu duk yarinyar da ta daina zuwa makaranta, domin mu nemi hanyar taimako tun da wuri.

An yi wa jaririyar nan baftisma, sunanta Maryamu. Bari Budurwa Mai Albarka, Sarauniyar Nijeriya, ta yi roƙo dominta da dukan takwarorinta, na gidajenmu da na maƙwabta. Amin.