Wa Ke Da Ikon Yin Tambaya?

Mai karatu, a wannan watan ka yi mani haƙuri, ba sharhin fim zan yi maka ba, ko da yake fim ne ya jawo maganar. Kwanan baya muka zauna a shagon wani abokina mai gyaran talabijin muka kalli Oppenheimer, fim ɗin da Christopher Nolan ya fitar a 2023 kan mutumin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko a Amurka. Ana gamawa sai yaron shagon, wanda ko sakandare bai ƙarasa ba, ya ce, "Oga, wai in ƙwayar zarra ita ce mafi ƙanƙanta, ta yaya kuma aka fasa ta? Me ke cikin ta?" Kafin ogan ya buɗe baki, wani ɗan jami'a da ke wurin ya ce masa, "Kai dai riƙe sukundireban ka, wannan ba layin ka ba ne." Aka yi dariya. Ni ma na yi, kuma har yau abin na damu na.

Tambayar da na kwana da ita ita ce: shin sai mai digiri ne ke da ikon tambayar yadda duniya ta ke?

Ni dai difloma gare ni, kuma ba a fannin fiziks ba, amma na koma na yi karatu. Ashe tambayar yaron nan ita ce ta hana manyan masana barci. A 1897 wani Bature a Ingila, J.J. Thomson, ya gano ilektiron, wato ya nuna cewa zarra ta na da 'yan ciki. Da me ya gano? Da kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska, kakar kwalbar da ke cikin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, irin wadda muka kalli finafinan kaset a cikin ta muna yara. Hoton jarumar da ka ke so, ilektiron ne ake harbawa su na zana shi layi-layi a jikin gilashin. Ka ga kenan wanda aka ce ba layin sa ba ne, ya fi duk wanda ke shagon kusanci da abin.

A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyin zarra ya na dunƙule a wata 'yar cibiya. In da za a buɗa zarra ta kai girman filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar fili ba. A 1932 James Chadwick ya gano niyutiron a cikin cibiyar, a 1964 kuma aka zo da ra'ayin cewa shi kan sa niyutiron da firoton an gina su ne da wasu ƙanana da ake kira kuwak. Kowace amsa ta haifi wata tambayar.

To, me ya sa abin ya shafe mu? Lissafa da kan ka. Daga gano niyutiron zuwa ranar 6 ga Agusta, 1945 da aka jefa bam a Hiroshima, shekara 13 ce kacal. Yawancin yuraniyom ɗin da aka yi aikin da shi daga Kwango aka haƙo shi. Nan kusa da mu, a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, tun 1971 aka fara haƙar sa. Ilimin da ake cewa ya fi ƙarfin talaka, daga ƙarƙashin ƙafar talaka ake ɗebo masa makamashi. Wanda aka hana shi tambaya, an hana shi sa baki a abin da zai iya cin ran sa kenan.

Sai dai kada ka ce na goyi bayan kowa da kowa. Hausawan da suka ce matambayi ba ya ɓata, su ne dai suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ka sha ganin su a Facebook: mutum ya kalli bidiyon minti biyar, gobe ya wayi gari ya na cewa ya ƙaryata Einstein. Wannan ba tambaya ya ke yi ba, neman tafi ya ke. Wasu kan kafa hujja da cewa ai Einstein ma ma'aikacin ofis ne a 1905 lokacin da ya girgiza duniya. Gaskiya ne, amma sun manta ya riga ya yi shekaru ya na karatun fiziks da lissafi kafin nan.

A gani na, tambaya haƙƙin kowa ce, amma ta na zuwa da bashi. Bashin mai tambaya shi ne ya zauna ya saurari amsa, ko da ta fi ƙarfin sa a ranar farko, ko da ta saɓa wa abin da ya ke so. Bashin mai sani kuma shi ne ya amsa ba tare da wulaƙanci ba, in bai sani ba ya faɗa. Ɗan jami'ar nan, ina zargin bai san amsar ba ne, sai ya ɓuya a bayan dariya. Mu ma masu sharhin fim mu na yin haka in mai kallo ya ƙure mu.

Bayan sati biyu na koma shagon, na ba yaron haƙuri, na faɗa masa labarin filin ƙwallo da ƙwayar gero. Ya yi shiru, ya buga tebur da tafin hannu, ya ce, "To Yaya, in duk fili ne, me ya sa hannu na bai ratsa katakon nan ba?" Na ce masa ilektiron ɗin hannun sa da na katakon ture juna su ke yi, kuma akwai wata ƙa'ida da Wolfgang Pauli ya fito da ita a 1925 da ta hana su cunkushewa wuri guda. Ya ce, "Me ya sa ta hana?"

A nan difloma ta ta ƙare, kuma na faɗa masa hakan. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Mai karatu, in ƙanen ka ya zo maka da irin wannan tambayar, me za ka ce masa? Sai mun haɗu a wata mai zuwa.