Soson Wanke-wanke Ma Yana Bukatar Wanki

Karatu: Matiyu 23:25-26

Ya mai karatu, ka taɓa ɗaukar soson wanke-wanke ka ji yana wari? Ragowar tuwo da maiƙon miya ne suka maƙale, aka bar shi a jiƙe, ƙwayoyin cuta suka hayayyafa. Irin wannan soso ƙazanta yake shafa wa kwano, har yara su kamu da gudawa. Maganin abin, a ɗauraye shi da sabulu bayan an gama aiki, a matse, a shanya a rana. Tsumman goge kwanuka kuwa a riƙa tafasa shi.

Haka yake ga mai hidimar Ubangiji. Kana yi wa wasu gargaɗi, kana koyarwa a makarantar Lahadi, amma fushi da ƙyashi suna kwana a zuciyarka? Abin da ke cikinka shi za ka shafa wa waɗanda kake koya wa. Yesu ya tsawata wa Farisiyawa domin sun kula da waje, sun manta da ciki. Furta zunubinka ga Allah yau, zai tsarkake ka (1 Yahaya 1:9).

Addu'a: Ya Uba, ka wanke ni tukuna, sa'an nan ka more ni. Cikin sunan Yesu, Amin.